Fijo Ta Sayarwa, Ba Ta Tashi

Na rubuta a kwali, na liƙa a ƙofar gareji:
Fijo 403, ƙirar sittin da biyu,
ta sayarwa.
Na daɗe tsaye da alƙalami a hannu
kafin na ƙara a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
ba ta tashi.

Shekara goma sha tara ke nan
da na jawo ta daga wata gona a bayan Paysandú,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya,
ciyawa ta huda ƙasanta, ta leƙo ta wajen birki.
Na ce wa Zulema, ba ni hunturu biyu,
a cikinta zan kai ki bakin teku.
Ta ce to.
Matar nan ta iya cewa to
irin wanda ba ya jiran komai.

Na kankare tsatsa har farcena ya koma ja.
Na sauke inji, na jera hanjinsa a kan tsohon bargo,
fistin huɗu kamar 'yan makaranta.
Kowane noti da gwangwaninsa,
kowane gwangwani da sunansa a rubutun hannuna.
Ƙofa uku sun sha fenti, shuɗi mai duhu.
Ta huɗun tana jingine da bango
tun shekarar da kogi ya shigo mana har kicin.

Ba kuɗi ne suka ƙare ba, kada in yi ƙarya.
Hannun ne.
Da safe in na ɗaga ƙoƙon mate
sai ruwan ya riga ni rawa.
Sifana mai lamba goma ta faɗi sau uku ran Talata,
a na ukun ban sunkuya ba.

Mutum biyu sun zo, sun shuri taya, sun tafi.
Na uku ya ce zai yanka ta ya sayar da kayan.
Na ce masa an riga an saya.

Sai ga Maite Olazábal,
yarinya mai gyaran bas a tashar gari,
baƙin mai a gindin farcenta irin wanda sabulu ya sallama.
Ba ta tambayi kuɗi ba.
Ta kwanta a kan siminti, ta shige ƙarƙashi da tocila,
na ji muryarta daga can:
wa ya yi wannan waldar?
Na ce ni.
Shiru.
Sannan ta ce, ta yi kyau.

Abin da ya karya ni ke nan.
Na shiga tona wa motar asiri kamar mai neman gafara:
lagireto na yoyo,
giya ta biyu tana gardama,
gilashin baya na wata motar ne, na dai lallaɓa shi.
Ina faɗa, ina rage kuɗin da bakina,
har Zulema ta yi tari daga bakin ƙofa.

Ran Asabar aka zo da babbar mota.
Gwangwani arba'in da ɗaya muka loda,
da ƙofar nan marar fenti, na naɗe ta da bargon.
Taya suka juya a karon farko,
ba da ƙarfin kansu ba, amma sun juya.

Yanzu akwai wani fili a tsakar gareji,
mai kusurwa huɗu, ya fi sauran simintin haske,
da ɗigon mai guda a tsakiya.
Zulema na so ta sa tukwanen fure.
Na ce to.

Jiya da dare waya ta yi ƙara.
Don Anselmo, in ji Maite,
gwangwani na sha bakwai, me ka rubuta a kai?
Na kasa karantawa.
Na ce ni ma sai na gani da idona.
Ta ce bas na tashi ƙarfe takwas.

Na nemo tabarau.
Na ɗauko sifanar daga inda ta faɗi.