Sha-kauci Ya Riga Lokacinsa

Tun ba a naɗe barguna ba,
tun ruwan randa yana cizon haƙori da asuba,
sai ga shi a kan mangwaron tsakar gida,
ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsana ba,
wuya kore yana ƙyalli kamar kwalbar turare a rana,
baki lanƙwashe irin allurar da nake ɗinke jaka.

Sha-kauci.
Ni a sanina, nan Marwa,
sai zafi ya fara lasar ƙeya yake leƙo mu.
To, wa ya aika masa bana?

Goggo Didja ta ce famfon Sali ne.
Wata uku yana yoyo ta ƙarƙashin katanga,
mangwaro ya sha ya ƙoshi, ya rikice,
ya yi fure ba da shawarar kowa ba.
Ta ce, inda aka sauke tukunya
baƙo ba ya jiran goron gayyata.

Hamajoda da ke kawo mini fata daga Mindif
ya tsuguna ya girgiza kai.
Ya ce daji ne ya ƙare.
An sare gawo, an sare bagaruwa,
kaucin da ke kansu ya bi su cikin buhun gawayi,
ragowar kuma wuta ta lashe tun kaka.
In an rushe kasuwa, in ji shi,
dole mai cefane ya bi gida-gida.

Fanne ta dawo daga makaranta da alli a gwiwar hannu.
Baba, sanyin bana kwana nawa ya yi?
Ka ƙirga mana.
Duniya ce ke ɗumama a hankali
kamar ruwan wanka a bakin murhu.
Tsuntsu ba ya duba kalanda,
abin da fatarsa ta gaya masa yake bi.

Na ƙirga. Yatsuna ba su ƙare ba.

Liman da ya zo dubiya bai tsawaita ba:
wanda ya raba arziki, shi ya raba sa'a.
Ya shafa addu'a, ya nemi takalmansa.

Asta ba ta ce komai ba sai da ta gama tankaɗe.
Ta karkaɗe rariya a cinya, ba ta ko dube ni ba.
Shekara ashirin da biyu, ta ce,
kana fita kafin rana ta taɓa katangar nan,
kana dawowa kaji sun hau.
Bara ma war haka ya zo.
Bara waccan har da matarsa.
Ƙafarka ce ta karye, idonka ya samu.

Na dubi ƙafar, an ɗaure ta da kara da tsumma
tun ranar da babur ya watsar da ni a gadar Kaliyawo.
Ban san wa zan ba gaskiya ba.
Watakila kowa ya riƙe gefe guda na fatar,
ni ne ban iya haɗa ɗinkin ba.

Shi kuwa ko a jikinsa.
Ya rataye kai ƙasa, ya zura baki, ya sha,
ya yi tsit-tsit sau biyu,
ya tsallake zuwa gidan Sali.

Na miƙa hannu na ja layi a bango da basilla
don in tuna ranar.

Mai ɗori ya zo da la'asar, ya latsa, ya ce saura kwana goma.
Ban ce masa ya yi sauri ba.