Bashin Baba a Hanyar Kudu

Baba ya rasu ya bar mana tsohuwar mota mai tari,
da hula mai warin dizal,
da ɗan littafin da maiƙo ya cinye wa gefe.
A shafin ƙarshe, da rubutunsa mai kama da tonon kaza,
sunaye uku, garuruwa uku, lissafi biyu.
Ƙanwata Nélida ta ce, "Bashi ne."
Na ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
amma na Baba ba zai kwana a cikinmu ba."

Muka bar Bahía Blanca taurari ba su watse ba.

A Pedro Luro gidan burodi ya riga rana tashi.
Ofelia, fulawa har gwiwar hannu,
ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a tsakiyar fuska:
"Ɗan Evaristo ne kai. Hancin bai ɓata hanya ba."
Na ajiye kuɗin a kan teburi.
Ta ture su da bayan cokali.
"Shekara goma sha ɗaya yana ce mini gobe.
In na karɓa yau, goben ta ƙare."
Ta cika mana takarda da burodi mai siffar jinjirin wata,
mai danƙon sukari, mai zafin da ke ratsa wando.
Mun ci shida kafin mu haye kogi.

Sai hanya.
Ciyawa gajera, iska doguwa,
tumaki sun juya wa duniya baya.
Nélida na zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate,
ta tsotsa, ta cika, ta miƙo mini,
ɗacin na sauka inda kuka ya ƙi fitowa.

A San Antonio Oeste mashaya ce,
bayan tashar jirgin ƙasa, ƙofarta shuɗiya.
Rediyo na ihun ƙwallo, ba mai saurare.
Hilario ya kawo empanada huɗu tun ba mu zauna ba,
nama da zaitun da ƙwai a ƙulle cikin fulawa,
romo na bin yatsa har agogo.
Na nuna masa shafin. Ya nemo tabarau.
Ya yi dariya har ya dafa bango.
"Wannan ba kuɗin abinci ba ne, yaro.
Karta muka yi, kuma ni aka ci."
Ya ƙirgo kuɗi daga gwangwani ya cusa mini a aljihu,
ya cika kofi ɗaya da jan ruwan inabi,
ya ajiye gaban kujerar da ba kowa.
Tsofaffin wurin suka cire huluna.
Wani ya rage rediyo.

Mun fito biyan bashi, ga mu da riba.

Sierra Grande, la'asar sakaliya.
Littafi ya ce: Amalia, miyar wake.
Gaban sunan ba adadi, sai ɗan layi
kamar wanda biro ya tsaya yana tunani.
Muka tarar ba tukunya, ba teburi,
sai tayoyi jibge da wani saurayi yana faci.
"Mahaifiyata ce," in ji shi. "Bara ta rasu."
Ya ɗago kai yana share gumi.

Nélida ta matse mini hannu.
Hancin bai ɓata hanya ba.

Ban fito da littafin ba.
Na ce tayar baya na shan iska, ya duba mana,
alhali lafiyarta ƙalau.
Ya duba, ya daɗe yana dubawa.
Sannan muka zauna mu uku a kan tayoyi,
na buɗe takardar Ofelia.
Burodi biyu suka rage, sun huce.
Nélida ta raba su uku,
rabon bai zo daidai ba,
ta miƙa masa babban.