Masu Yaɓen Cikin Jini

Shekara huɗu hanjina na ci kamar murhu.
Na san kowane bayan gida daga Ƙofar Gayan har Shika.
Jini nake gani da asuba,
sai na ɗauka nawa tsinkakke ne,
mai gudu, marar riƙo.

Ranar Laraba ƙafar hagu ta ƙi shiga takalmi.
Sharaɓa ta yi tauri, ta ɗau zafi.
Barira ta ce targaɗe ne, ta ɗauko man zafi,
Iliyasu ya riƙe hannunta:
Inna, kada ki murza.

Likita ta duba hoton jijiya, ta daɗe,
sannan ta ce, Baba, mece ce sana'arka?
Na ce gini.
Ta ce, to kai za ka gane.
A cikin jini akwai 'yan mitsil-mitsil ɗin ma'aikata,
aikinsu yaɓe.
In ka yanke, su ruga su liƙe tsagar.
Amma hanjinka na ta kururuwa dare da rana,
ya hana su runtsawa.
Suna yawo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a hannu,
da suka rasa tsaga
sai suka ta da bango a tsakiyar hanya.

Na yi dariya har cikina ya murɗa.
Na taɓa yin yaro irinsu a Kwarbai,
don tsabar himma ya liƙe indararo.
Damina ta zo,
soro ya sha ruwa ya zauna.

Ita ba ta yi dariya ba.
Ta ce in ɓaraguzan suka ɓalle
huhu za su nufa.

Yanzu kullum allura a fatar ciki
don jini ya saki,
ni da nake roƙon ya daina zuba.
Gaba damisa, baya siyaki,
ni a tsakiya da gorar ruwa,
ina ƙirga taku a barandar asibiti.
Jiya sittin. Yau saba'in da uku.

Da dare nakan dafa ƙafar
in yi musu magana kamar yarana:
Sannunku da aiki.
Ba kowace ƙara ce rushewa ba.
Ku wanke hannu, ku zauna a inuwa,
in bango ya tsage
ni zan kira ku.