Gurbin Turmi

Shekara arba'in ina tsinke zare da shi,
ina riƙe bakin fata da shi in hannu biyu sun kasa,
turmina na hagu, na can ƙurya,
bai taɓa neman ko dala a cinikin alabe ba.
Ran Talata lokotoro ya ɗago shi a bakin awartaki,
baƙi ƙirin, da rami kamar tsohuwar rijiyar Birni.
Ya ce, "Baba, za ka tafi da abinka?"
Na girgiza kai.
Leɓena ya yi nauyi kamar na raƙumi.

Malama Habsu ta cusa mini auduga.
"Cije. Sa'a guda kada ka buɗe.
Yau ba tofi, ba kurkura,
ba zuƙa, ba abu mai zafi.
Jinin da zai daskare a gurbin nan shi ne murfi,
in ka ture shi, ƙashi zai kwana a waje,
kuma za ka dawo nan kana kiran sunan uwarka."

Ɗan kabu-kabu ya ce ɗari biyu zuwa Zango.
Ni da ban taɓa sayen allura ban taya ba,
na miƙa, na hau.

A rumfa Mutari ya ɓare goro, fari, ɗan gaske,
ya tura mini rabi kamar kullum.
Na nuna kunci.
Ya cinye duka biyun, yana yi mini sannu.
Shayin fada ya zagayo sau uku,
sau uku kofi na tsallake ni kamar mai bashi.

Harshe ne mai taurin kai.
Akuya ce da aka cire wa turke,
tana ta komawa shinshinar ramin.
Na ce, kai, zauna.
Baduku ne ni, na san ɗanyen ɗinki:
ba a ja, ba a leƙe,
ajiye shi ake a inuwa har ya kama kansa.

Da dare Tsahara ta jiƙa tsumma a ruwan randa,
ta ɗora mini a kunci,
ta tara matashi biyu don kaina ya fi ƙirji tsawo.
Na sha ƙwaya da kunun da ya huce.
Gurbin na bugawa a hankali,
kamar dakan wani gida can nesa.

Kashegari famfo bai kawo ba,
kwana na huɗu ke nan.
Daga jarkar ƙarshe ta ɗebi kofi guda,
ta ɗumama, ta marmasa gishirin Bilma a ciki.
"Kada ka yi masa irin na alwala.
Karkata kai kawai, ya je ya gaishe shi,
ka buɗe baki ya fito da kansa."
Yaushe ta zama lokotoro?
Ashe ta tsare Habsu a ƙofa ta sake tambaya.

Asuwaki ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya,
ya kewaye gidan makoki.
Na tauna tuwo da dama kamar baƙo.
Kilishin Dole na wuce shi ban gaisa ba.

Ran na biyar Fassuma ta zo da alkaki a gefen zane,
ita ma da giɓinta, biyu a gaba.
Ta ce in buɗe ta gani.
Ta leƙa, ta daɗe,
sai ta rufe mini baki da tafin hannu:
"Kaka, yi maza, ga ƙadangare a katanga.
In ya gani ba zai fito ba."

Na yi dariya da rabin baki.
Na bar mata alkakin.

Yau na koma rumfa.
Zare ya zo ƙarshen layi,
hannu ya ɗaga shi zuwa baki, ya tsaya a hanya.
Na ce, Mutari, ara mini almakashi.