Harafi Ɗaya

Watanta bakwai ranar farko.
Zazzaɓin haƙori ne, muka ce.
Sai hannun dama ya kama rawa shi kaɗai,
ido ya kafe a silin,
ina ƙirga numfashinta kamar mai ƙirga canji.

Daga Agege zuwa Idi-Araba ba nisa,
in hanya ta ga dama.
Ran nan ruwa ya cinye titi a Mushin.
Na sauka daga danfo, Muhibba a kafaɗa.
Takalmina ɗaya yana can har yau.

Hoton ƙwaƙwalwa: lafiya lau.
Ruwan ƙashin baya: lafiya lau.
Ban taɓa jin kalma mai ciwon lafiya lau ba.

A gida kowa ya zama likita.
Goggo Tabawa ta bugo daga Funtuwa,
wai an ce kakata tana faɗuwa.
Maƙwabciya ta janye ɗanta daga tabarmarmu,
wai a miyau ake ɗauka.
Sallau bai ce komai ba.
Shirun nan ya kwana tsakaninmu shekara uku.

Dakta Adebimpe ta ɗebi jininmu mu uku.
Kwalabe suka hau jirgin da ban taɓa hawa ba.
Wata biyar.

Ta juyo takardar ta fuskance ni.
Ta ce a jikin kowa akwai rubutu,
rabi na uwa, rabi na uba.
Wajen kwafe na Muhibba harafi ɗaya ya sauya,
a layin da ke gadin wutar ƙwaƙwalwa.
Babu shi a jininki, babu a na babanta.
A kanta ya fara.

Ni tela ce, na san wannan.
Yadi mai kyau, zare mai kyau,
keke ya tsallake ɗinki ɗaya,
ba ka da wanda za ka kama.

Sallau ya ce ta maimaita.
Ta maimaita da buroka.
Ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta.

Waraka dai ba a ba mu ba.
An cire wani magani, ashe shi ke ƙara wuta,
an ce mu yi gaba da zafin jiki.

Jiya kwana goma sha ɗaya ba ta faɗi ba.
Na ɗauki waya zan kira Funtuwa,
sai ta ja zanena tana son ruwa.
Na ajiye.