Kunya Bakwai

Ran da garmata ta yi ƙara
ban ce wa kowa komi ba.
Na tsai da shanu, na duƙa, na tona da hannu:
bakin tulu ne a kife,
irin wanda ake ɗorawa kan kushewa.

Kunya ɗaya nake ci duk damina.
Ubana ma haka ya yi.
Wa zai kai ƙara? Maƙwabtan gabas ba su magana.
Awaki ke kiwo bisansu,
baƙar leda ta yi wa geza riga,
sunan wurin ma ya ɓace mana,
sai dai mu ce "bayan aduwa".

Dare uku tuwo bai wuce mini ba.
Na huɗu na tafi wurin Gwamma,
wadda idonta ya rufe tun ina goye,
na ce, Iya, su wa ke kwance can?
Ta ce, sai yau?
Ja mini sanda, ɗan Nomau, ka rage gaggawa.

Daga gindin itacen ta fara ƙidaya.
Taki tara: Tunau ke nan.
Shi ya baro fadamar Gulbi da jaki ɗaya,
da gatari, da iri cikin gora,
lokacin kura na kwana inda masallaci yake yau.
Gaba talatin ya haƙa kafin ya ga ruwa.

Kusa da shi ƙanensa Mantau,
rijiyar ta rufta da shi a gaba na ashirin;
aka fiddo shi, aka yi bakwai, aka koma haƙa.
Ga Tsahara mai daddawa,
rabin garin nan a hannunta ya faɗo duniya.
Ga wani mai gishiri daga arewa, zazzaɓi ya sauke shi,
ba a san sunansa ba,
sai raƙuminsa da ya ƙi tashi.
Ƙananan nan, ta ce, kar ka taka,
ƴan shekarar ƙyanda ne, su goma sha ɗaya.
Biyu nawa ne.
Ta daɗe tsaye. Ban ce mu ci gaba ba.
Can nesa wata na surfe, muna jin sakawa.

Ran gayya aka yi gardama.
Liman ya ce Tunau da ƙanensa ba su yi salla ba,
shinge ya bi ta gabansu.
Gwamma ta buga sanda ƙasa:
Alwalar da ka yi da asuba, da ruwan wa?
Ba wanda ya tanka.
Aka ja igiya har bayansu,
Liman na riƙe da bakinta, yana ta sunkuyawa.

Muka sare ƙaya, muka tsince leda buhu shida.
Yaranmu na Agadas suka aiko jikka arba'in,
bulo bai kai ko'ina ba, ƙofa kaɗai ya yi,
sauran muka dasa aguwa.

Sakko ɗan lakwal ya zo da fenti,
ya rubuta sunaye bisa tsohon kwano,
duk wanda Gwamma ta faɗa.
Uku suka kuɓuce mata.
Ta zauna ƙasa, ta kira, ta kira, ba su zo ba.
Muka kafa musu kwano fari, ba rubutu,
ko wata rana wani ya zo da tunawa.

Kunya bakwai na mayar.
Dami biyar ke nan da ba za su ga rumbuna ba;
matata ta lissafa, ni ma na lissafa.
Gero bai kai yanka ba Gwamma ta bi su.
Mun sa ta taki biyu daga ƴaƴanta,
dab da ƙasar da na noma bara.

Yanzu in na fito da shanu da safe
nakan tsaya bakin shinge
in kira su ɗaya-ɗaya, kar ni ma su kuɓuce mini:
Tunau, Mantau, Tsahara, mai raƙumi, Gwamma.
Shanun sun saba.
Ko ban ja igiya ba, nan suke tsayawa.