Taswirar Bene na Goma Sha Huɗu

Ni ce Barira, jikar Tanimu mai goro.
Ina barin Agege tun ladan bai gyara murya ba,
in matsu cikin danfo, mu hau doguwar gada,
ruwa a dama, ruwa a hagu,
har Marina, inda gilashi ya yi tsiri ya tokare sama.

A bene na goma sha huɗu aka ajiye ni.
Bayan kujerata akwai taswira mai faɗin tabarma biyu,
an soka mata jajayen allurai:
Kwatano, Lome, Kumasi, Abijan,
Yamai can sama, Duwala can gefe.
Kowace allura reshe ce,
kowane reshe da mutane a layi, suna jiran a kira lambarsu.

Bankin nan uwa ce mai ɗaki cike da 'ya'ya.
Wannan karɓar ajiya, wancan ba da rance,
ga mai inshora, ga mai gadin fanshon tsofaffi,
autarsu kuwa ta tare a wayar mai shayi,
tana tsuwa duk sanda aka biya kuɗin burodi.
Da safe naira ce, kafin azahar ta zama sefa,
ba ta hau jaki ba, ba ta ga kwastan ba.

Ranar da aka buga rahoton shekara
na kai wa Kaka, takarda sumul mai ƙamshin sabon kuɗi.
Na same shi yana tsintar goro cikin ganye,
fari gefe guda, ja gefe guda.
Na karanta masa biliyoyi, bai ɗago ba.
Na karanta riba, ya yar da mai tsutsa.
Sai da na buɗe shafin taswira
ya goge hannu a gwiwa, ya ce miƙo.

Yatsansa ya bi alluran nan ɗaya bayan ɗaya.
"Nan na yi zazzaɓin kwana tara.
Nan kwale-kwale ya kife da mu.
Nan Kwabena ya ɗora mini huhu arba'in,
ba takarda, ba shaida,
tafawa kawai muka yi, sai baɗi.
Ashe sawunmu kuka bi, kuka sa masa ƙofar gilashi."

Ya yi shiru, sannan ya ce,
"Wanda ba shi da fili fa, me yake ajiye muku?"
Na ce takardar gida, ko mai tsaya masa.
"In duk babu?"
Na dubi ƙasa.

Don a safiyar ranar na rufe fayil ɗin Sahabi,
mai albasa a Mil Tuwal,
wanda motarsa ta kwana huɗu a Jebba
har kayan suka tsiro cikin buhu.
Shekara goma sha ɗaya yana ajiya a wurinmu.
Na'ura ta ce bai kai ba,
ni kuma na sa hannu.

Kaka ya fasa farin goro, ya ba ni ɓari.
"Kai wa uwar taku, ta ɗanɗana."

Yana nan cikin durowata har yau,
ya bushe, ya yi ja kamar alluran bango.
Fayil ɗin ma yana ƙarƙashinsa.
Ban mayar da shi ɗakin ajiya ba tukuna.